Asabar, ranar da ɗan yayata ya kawo zane-zanensa

Ban gama karyawa ba ɗan yayata ya yi sallama, tun daga Tudun Wada, fuska furu-furu da ƙurar hunturu, ya rungumo wata jakar leda. Wata uku ke nan yana cewa zai kawo mini zane-zanensa yana fasawa.

Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya baje su, guda 14, uku na fentin ruwa, sauran na fensir. Ya ce, "Kawu, duk wanda na nuna wa sai ya ce Masha Allah, shi ke nan. Ni so nake a nuna mini inda na kuskure." Maganar ta shige ni, don na san ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga ɗan shekara 16.

Da hoton kakarsa na fara. Wallahi ya kamo ta. Yadda take karkatar da kai idan tana jan carbi, da yadda mayafin ya tattare a kafaɗa, duk suna nan, kuma sai da na nuna masa su da yatsa don ya san abin da nake yabawa. Sannan na ce idanun sun hau sama da yawa. Bai yarda ba. Na ɗauko madubi na ce ya auna fuskarsa da fensir, daga haɓa zuwa ido, daga ido zuwa tsakar ka. Ya auna sau biyu, ya ga tsawon kusan ɗaya ne. Ido a tsakiyar kai yake, amma da yake hanci da baki su ke jan hankalin mai koyo, sai ya ba su fili ya matse goshi. Ya yi shiru yana ta duban takardar.

Na fentin ruwan da ya fi ji da shi gadar Lugard ce ta lambun shaƙatawa na Gamji, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka dawo da ita Kaduna a 1954. Ƙarafan gefenta sun tafi sambal, ba su tsuke ba daga can nesa, inuwar bishiya ta faɗi dama, ta mutum ta faɗi hagu, kamar rana biyu ce a sama. Kogin da ya sa a baya kuwa shuɗi ne shar. Na ce, "Yaushe ka taɓa ganin Kogin Kaduna da wannan launi?" Ya yi murmushi ya ce ai haka ake zana ruwa. Nan gizo ke saƙar: abin da ya haddace yake zanawa, idonsa bai samu aiki ba tukuna. Na ba shi labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ƙi tsayawa kan salon Turawa kaɗai, suka waiwayi abin da ke ƙasarsu.

Ina shirin ɗauko na uku na ga kafaɗunsa sun sauka, ya fara tattara takardu a hankali. Gyara ya yi masa yawa a zama ɗaya. Na ajiye, na ce sauran sai wani jiƙon, muka ci abinci. Na ba shi fensiran zane biyu masu taushi, 2B da 6B, da ke cikin durowata, muka yi alkawarin zuwa Gamji Asabar mai zuwa, mu zauna gaban gadar da hantsi.

Bayan sallar isha'i sai ga saƙo ta WhatsApp. Ya sake zana kakarsa, idanun sun sauko mazauninsu, goshin ya buɗe. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, kunnen fa? Ina ganin shi ma ya hau sama."