Abin da makarantar mishan ta koya wa 'yata

Jama'a ni dai tun da aka shiga azumin kwana 40 na ga canji a wajen 'yata, tana aji 4 a firamaren Katolika nan Kafanchan. Ranar Laraba ta toka ta dawo gida da toka a goshi tana min bayani wai Fada ya ce azumi ba barin abinci kawai ba ne, akwai addu'a akwai sadaka, shi kenan yarinya ta fara ɓoye rabin kuɗin tara nata tana kaiwa akwatin aji, Sista ta ce in Ista ta zo za su sai shinkafa da sabulu su kai wa marasa lafiya a asibiti. Ni ban sa ta ba fa.

Kullum sha biyun rana in aka buga ƙararrawa kowa tsayawa yake a yi A gaishe ki Maryamu, ƙawarta musulma tana zaune shiru ba mai takura mata, in azahar ta yi kuma a ba yara musulmi waje su yi sallarsu. Wannan ya fi komai burge ni gaskiya, yaran da ke garin da ya sha rikici suna cin abinci kwano ɗaya.

Kuɗin makarantar da nauyi ba ƙarya, amma ƙaninta ma can zan kai shi baɗi in Allah ya yarda.