Godiya ga mutanen ƙauyenmu da duk wanda ya taya mu jimamin rasuwar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin Inna da abokiyar zamanta, da baffanninmu, da ƙannena maza da mata, nake rubuta wannan saƙo domin mu gode wa jama'a kan abin da suka yi mana tun ranar da Allah ya karɓi ran mahaifinmu. An daɗe da tashi daga zaman makoki, na kuma san wasu za su ga kamar godiyar ta zo a makare. Da gangan muka jinkirta ta. Baba ya rasu a farkon kaka, gero yana tsaye a gona, kuma ɗawainiyar da mutanen ƙauyenmu suka ɗaukar mana ba ta tsaya a sadakar bakwai ba, sai da damin ƙarshe ya shiga rumbu.

Abokan aikina na Kano da suka yi tattaki har ƙasar Gumel, yawancinsu ba su taɓa ganin Baba ba, don haka bari in ɗan faɗa musu wanda suka zo yi wa addu'a. Manomi ne, ɗan manomi, bai taɓa riƙe wata sana'a ba. A gandun kakanmu ya tashi lokacin da gyaɗa ce kuɗin talaka, ana loda ta zuwa Kano a tara dala. Yana saurayi aka yi farin 1973, ya ga shanu suna faɗuwa, ya ga mutanen da ke arewa da mu suna gangarowa da iyalansu neman abin sa wa a baka. Ba a gama farfaɗowa ba cutar gyaɗa ta 1975 ta zo ta ƙwace abin da ya rage. Aka sake wani farin a 1984, sa'o'insa da yawa suka tafi cin rani, wasu ba su dawo ba har yau. Shi ya zauna. Abin da ya koya daga waɗancan shekaru shi ya riƙe har ƙarshen ransa: ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa iri. Kowace kaka da hannunsa yake zaɓen zangarniyar gero mafi cika, ya ɗaure ta daban, ya adana ta inda ko mu 'ya'yansa ba mu isa mu kai hannu ba. Idan ruwan shuka ya sauka, ko aka yi shuka ta ƙone aka rasa na maimaitawa, ƙofar gidanmu ake zuwa. Ba ya rubutawa, ba ya bin sawu. Abin da yake cewa kawai shi ne, "In Allah ya sa ka samu, ka ba wani."

Akwai kuma itatuwan gawo da ke cikin babbar gonarsa. Masu itace sun sha yi masa tayin kuɗi, bai taɓa yarda a sare ko ɗaya ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana shuka rana, da rani kuma ya yi ganye dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki. Duk wanda ya san ƙasarmu mai rairayi ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsayi da kauri. A shekarun nan da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, waɗannan itatuwa da takin dabbobi ne suka riƙe gidanmu.

A wannan gonar ciwon ajali ya same shi. Ya fita da hantsi duba gero ko ya isa girbi, ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Godiyarmu ta farko tana ga maƙwabcinsa na gona da ya hango shi ya yi kururuwa, da samarin da suka ɗauko shi a amalanken shanu zuwa bakin hanya, domin mota ba ta iya shiga rairayin. Muna godiya ga direban da ya sauke fasinjojinsa ya juya da Baba asibiti, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Ma'aikatan jinya da likitan da suka karɓe shi sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma sun yi wa Inna magana da tausasawa a lokacin da take buƙatar hakan. Allah ya saka musu. Kwana ya ƙare, Baba ya cika da kalmar shahada a bakinsa, ƙaninsa yana riƙe da hannunsa.

Kafin mu da ke nesa mu iso, mutanen gari sun gama komai. An yi wanka, an sa likkafani, matasa sun haƙa kabari, liman ya jira mu har muka samu sallar jana'iza. Mai unguwa da dagaci sun zauna da mu a ƙofar gida suna taya mu karɓar gaisuwa. Matan unguwa kuwa ba su bar tukunyar gidanmu ta hau murhu ba. Kowace safiya da kunu da ƙosai, kowane dare da tuwo, kwanuka suna shigowa ba mu san daga wane gida ba. Iyayenmu mata, mun gani, kuma mun san a irin wannan tsadar abinci ba daga rara kuka ɗebo ba.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na kasa yin shiru. Amfanin gona ba ya jiran mai makoki. Gero in ya wuce lokaci tsuntsu da gara su raba, riɗi kuwa in ya bushe a tsaye ƙwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa, wahalar shekara ta tafi. Mu 'ya'yansa maza manya muna birni, ƙananan suna makaranta, iyayenmu mata sun shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma. Muna cikin shawarar inda za mu samo kuɗin 'yan ƙwadago, sai sarkin noma ya aiko cewa kada wanda ya fitar da kwabo. Washegarin sadakar uku aka yi gayya. Mutane suka bar nasu geron, wanda shi ma yake jiran girbi, suka shiga gonar Baba da magirbi tun da asuba. Har da dattawan da suka daɗe da ajiye fartanya, sun zo sun zauna a inuwa suna ɗaurin dami. Da riɗi ya nuna aka sake dawowa aka yanke, aka jingine shi ya bushe, aka kakkaɓe. Mata da 'yan mata suka yi roron wake, samari suka ɗaure harawa suka ɗora a kan rumfa saboda tumakin Inna. Da sanyi ya fara shigowa dawa ta yi, ba mu ma ji labari ba sai waya aka yi mini cewa an kawo ta gida.

An daɗe ana cewa gayya ta mutu, yanzu komai sai da kuɗi, ni ma na sha jin haka har a ƙauyen. A kan Baba dai na ga ta tashi, kuma ban yarda cewa tausayinmu kaɗai ya tashe ta ba. Da na je yi wa wani dattijo godiya, sai ya riƙe hannuna ya ce geron da ke gonarsa yau jikan irin da Baba ya ba shi ne shekarar da shukarsa ta ƙone. Da yawa cikin waɗanda suka yi girbin nan irin labarin da suke da shi ke nan.

Muna godiya ga liman da malaman da suka tsaya aka fitar da zakka kafin a yi maganar gado, dami ɗaya cikin kowane goma kamar yadda shari'a ta ɗora wa amfanin da ruwan sama ya shayar, kuma kamar yadda Baba yake yi tun a gona kafin ya kai gida. An raba ta ga waɗanda ya saba ba wa. Baffa ya kuma ware zangarniyar iri ya adana a inda Baba yake adanawa. Iyali sun amince cewa wanda ya saba zuwa neman iri da damina ya zo, ƙofar tana nan yadda ya san ta.

Fulanin da suka saba sauka a gonarmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki, Baba kuma ya ba su hatsi, sun zo gaisuwa da ƙwaryar nono da man shanu, babbansu yana hawaye. Mun gode, kuma bana ma ku sauka inda kuka saba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka ƙetaro ta Maigatari daga ƙasar Damagaram, Allah ya ba da ladan zumunci. Abokan cinikinsa na kasuwar Maigatari, waɗanda suka saba sayen ragunansa da riɗinsa, sun haɗa gudummawa sun aiko. Surukanmu, abokan karatunmu, abokan aiki, da waɗanda suka kira a waya ko suka rubuto ta Facebook da WhatsApp, saƙonnin sun yi yawa har ban iya amsa kowanne ba, amma na karanta wa Inna da yawa daga ciki, ta kuma sa muku albarka.

Saura magana ɗaya mai nauyi. An yi sanarwa a wurin jana'iza, muna kuma maimaitawa a nan: duk wanda yake bin Baba bashi, na kuɗi ne, na hatsi ne, ko aron garma ko wani kayan aiki da bai kai ga mayarwa ba, don Allah ya samu Baffa ko liman, komai ƙanƙantarsa, kada kunya ta hana shi. Muna so mu sauke masa kafin a raba gado. Waɗanda kuma suka zo da kansu suka ce Baba ne yake bin su, alhali babu wanda ya sani sai su da shi da Allah, Allah ya saka muku da alheri kan wannan amana. Wanda Baba ya taɓa ɓata wa rai, a kan iyakar gona ko ɓarnar dabba ko wata magana, muna roƙonsa ya yafe masa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa tare da dukkan magabatanmu. Ku da kuka bar gonakinku kuka shiga tamu, Allah ya cika rumbunanku, ya ba ku damina mai albarka, ya tsaya muku a ranar da kuke buƙatar mai tsaya muku. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.

Daga babban ɗansa, a madadin iyali baki ɗaya.