Abin da littafin ruwan sama ya koya mini

A aikin malamin gona akwai wani ɗan aiki da ba wanda ke rububinsa, wato duba ma'aunin ruwan sama. Gwangwani ne mai mazurari, a kafe a fili nesa da bishiya da indararo. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai ka juye abin da ya taru a kwalbar awo, ka karanta, ka rubuta kwanan wata da yawan milimita. Milimita 1 na nufin lita guda ta sauka a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. In aka samu kamar 20 cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙasa ta jiƙu, ruwan shuka ya samu. Ranar da ba a yi ko yayyafi ba ma sai ka rubuta, ka sa sifili.

Idan manomi ya ce maka bana ba a yi ruwa ba, ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan: kwanakin nan na fari bayan noman firi, lokacin da gero ke nannaɗe ganye da tsakar rana. Amma in ka buɗe littafi, sau da yawa sai ka tarar jimillar ruwan ta kusa ta bara, rabonsa ne kawai ya bambanta. Zuciya tana riƙe abin da ya yi mata ciwo, ta saki sauran. Na daɗe ina ganin haka a wajen manoma, sai daga baya na lura ni ma da wannan idon nake duban kwanakina.

Daminar 2022 ce ta sa na fara rubutu don kaina. A shekarar ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a sassan Jigawa da dama, musamman yankin Haɗejiya, a faɗin Najeriya kuma mutum fiye da 600 suka rasu. Mutanen da na bi gona-gona ina nuna musu tazarar shuka da lokacin zuba taki, na ga shinkafarsu da dawarsu a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya ci bashin taki yana kallona, ni kuma ba ni da abin ce masa sai Allah ya mayar da alheri. In na dawo gida barci ya gagara. Wani dare bayan isha'i na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan firamare, na zuba abin da na gani a ranar, ba tsari ba komai. Nauyin bai tafi ba, amma ya bar ƙirjina ya koma inda zan iya dubansa.

Ashe masana sun daɗe da gwada wannan. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya fitar da sakamakon gwajin da aka sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15, kwana 4 a jere, kan abin da ya fi ƙona musu rai. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibitin makaranta bai kai na waɗanda suka yi rubutu kan abubuwa marasa nauyi ba. A 2003 kuma Robert Emmons da Michael McCullough suka raba ɗalibai: wasu su riƙa rubuta abubuwa 5 da suke godiya a kansu duk mako, wasu su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako 10, masu lissafin godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun kuma fi ƙarancin kukan ciwon jiki. Mu a nan muna da tushen abin tun tuni, don malamai sun sha karanta mana maganar Sayyidina Umar cewa mutum ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne batun godiya. Bahaushe ba ya rowar alhamdulillahi. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Kalma ce mai albarka, amma baki yakan faɗe ta zuciya tana wani wuri. A littafi na ɗora wa kaina ƙa'idar ma'aunin ruwa: ba a rubuta "an yi ruwa sosai", adadi ake sawa. To godiya ma sai da suna da wuri. Mai facin da ya riga ya rufe rumfarsa bayan magariba, ya ga ina tura babur, ya sake kunce kayansa ya haska fitilar waya ya yi mini faci. Tsohuwar da gonar riɗinta ta nutse, amma da muka je duba ɓarna ta dama mana fura a ƙwarya, ta ce, "Ɗan nan, sha ka ji sanyi, tun safe kuke yawo." Da ban rubuta su a daren ba, da yanzu abin da ya rage mini na wannan damina ruwa ne da asara kawai. Kuma in ka rubuta sunan mutum, gobe kunya ba za ta bar ka ka wuce rumfarsa ba ka tsaya ba. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Rubutun ya kuma buɗe mini ido a daji. Tunda kullum sai na samo abin sawa, na fara lura da ranar da shamuwa ta fara sauka a kan tsamiyar bakin gari, da makon da tsuntsayen jan-baki suka fara yi wa fadama dirar mikiya, da lokacin da iska ta juya hunturu ya kankama. Wata rana ina tsaye gindin gawo ina rubuta cewa ya fara zubar da ganye, wani dattijo da muke kira Baba ya tsaya ya leƙa.

"Malam, me kake rubutawa?"

Na ce, "Baba, gawon nan ne ya fara kaɗe ganye."

Ya ce, "To ka ƙara da cewa a gyara iri. Kuma ka dawo da kaka ka auna geron da ke gindinsa da na can tsakiyar gona."

Na dawo, na gani da idona: zangarniyar gindin gawo ta fi kauri da tsawo. A makaranta an koya mana dalili, cewa gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani su zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Na ci jarrabawa a kan haka, amma sai da na bi bishiya guda ina rubuta halinta wata-wata sannan ilimin ya zauna. Daga nan na fahimci abin da ya faru a Maraɗi tun daga 1983, inda wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoma suka soma barin tohon kututture suna gyara shi maimakon sarewa. Wannan hanya da ake kira sassabin zamani ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturan suna nan tun da can, kallon da ake yi musu ne ya canja.

Littafi dai bai dawo wa kowa da shinkafarsa ba, kuma wanda damuwa ta hana shi ci da barci na tsawon makonni, likita ya kamata ya gani, kada ya tsaya ga biro. Akwai kuma maganar sirri, tunda gidajenmu cike suke da jama'a. Idan wani ya ɓata mini, nakan rubuta yadda na ji ne, ba na sa sunansa, don kada takarda ta zama wurin giba.

Yanzu duk ƙungiyar manoman da nake aiki da ita, nakan ba sakatarenta littafi guda: ranar ruwa, ranar shuka, ranar da aka fara ganin tsutsa ko ƙuduji, sai fili kaɗan a ƙasa na abin da ya yi daɗi a makon. Wasu da boko suke cikewa, wasu da ajami. A wata ƙungiyar mata masu noman gyaɗa, filin ƙasan ne ke fara cika, har sai da suka nemi in ƙaro musu littafi na biyu.