Tafiyata Samaru da Kawu

Ranar Asabar na raka Kawu Zariya. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya daɗe yana son ya nuna min lambun itatuwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Da hantsi muka hau mota a tashar Kawo. Daga Maraban Jos har Jaji buhunan gawayi ne jibge a bakin titi, Kawu yana kallonsu ta taga yana girgiza kai.

"Ɗana, wata kiryar da ke cikin buhunan nan ta girme ka," in ji shi.

Muna shiga lambun sanyi ya ratsa ni. Kawu ya tsaya gindin wani maɗaci, ya tsinci ɓawo a ƙasa ya ce in ɗanɗana. Ɗacin bai bar harshena ba har azahar. A inuwar nan ya ba ni labarin lambun Kew da ke Landan, wanda aka kafa a 1759, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003.

Kawu ya ce ba kyawun furanni kaɗai ya jawo masa wannan daraja ba, haƙurin adanawa ne. Akwai busassun samfuran tsirrai kimanin miliyan 7 a ajiye can, kowanne manne a takarda, da sunansa da inda aka tsinko shi. Namu ma suna ciki. Wani likita mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga su a 1916, daga baya shi da wani masanin tsirrai mai suna Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma a Kew ɗin.

Wannan ya tsaya min a rai. Baƙo ya zauna da kakanninmu ya rubuta marke, gawo da taura, yau yaran unguwarmu da yawa ba za su bambance ɗorawa da tsamiya ba in babu 'ya'ya a jiki.

Kafin mu fito na ciro littafi na ce, "Kawu, ku faɗa min, zan rubuta." Ya fara da kanya da ɗinya, yana haɗawa da amfanin kowace. Har muka iso Kwangila neman motar Kaduna bai gama da itatuwan fadama ba, muka yi alkawarin ƙarasawa ranar Juma'a bayan masallaci.