Sa hannun da na yi a takardar albashin Baba

Jiya na miƙa makullin durowa da lambar sirrin kwamfuta, na fito daga ofishin biyan albashi bayan shekara shida. Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda ƙarshen wata yake a ɗakin nan, ba sai na maimaita ba. Abin da nake son rubutawa tun bai dusashe a raina ba shi ne maganar Baba mai tsaron sito.

A shekarata ta biyu aka ƙirga kaya, aka ce katan 14 sun yi ɓatan dabo. Manaja bai kira kowa ba, bai kuma rubuta komai ba. Leƙowa ya yi ta ƙofa, waya a kunne, ya ce, "Ka cire wa mai sito rabin albashinsa, wata uku a jere." Na ce, "To, yallaɓai." Iyakar shari'ar ke nan. Na buɗe shafin Baba, na zuba adadin a layin da muke kira "sauran cire-cire", na buga, na sa hannu a ƙasa. Ko minti biyu ban yi ba.

Ranar biya Baba ya shigo da takardarsa, ya shimfiɗa ta a kan teburina, ya ɗora yatsa a kan layin. Yatsan na rawa.

"Ɗana, wannan fa na mene ne?"

Na ce umarni ne daga sama.

"To wa ya tambaye ni? Ko ɓarawon da aka kama da kaya a hannu ai ana cewa ya yi bayani."

Na sunkuyar da kai ina jujjuya biro. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya fita. Da wata ukun ya cika ya ajiye aiki, ba ko sallama.

Bayan wata biyu da tafiyarsa katan ɗin suka bayyana. Ashe wani reshe aka tura su, takardar fitar kayan kuma tana kwance a tiren manaja, ba a taɓa shigar da ita littafi ba. Sakataren ƙungiyar ma'aikata ya kai ƙara, aka turo jami'ar ƙwadago. A gabanta manajan nan ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai taɓa ba da irin wannan umarni ba, in akwai a nuna masa a rubuce, ga dai wanda ya sa hannu. Haka ya shafa mini kashin kaji, ko gezau. Ni na karɓi takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni. Shi kuwa shekara na zagayowa aka ba shi babban ofis. Allah ya sanya alheri.

Na daɗe ina jin haushinsa kafin in yarda cewa ni ma ba wankakke ba ne. Tambaya uku jami'ar ta yi mini. Ina shaidar cewa Baba ne ya jawo asarar? Wa ya ƙiyasta kuɗin kayan, har aka san rabin albashi sau uku ne daidai da su? A ina aka saurare shi? Ban iya amsa ko ɗaya ba. Daga baya na gano ba daga kanta ta ƙirƙiro su ba. Suna cikin Shawara mai lamba 85 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a Janiba tun 1949: ba a cire wa ma'aikaci kuɗi saboda ɓata ko lalacewar kaya sai an nuna a fili shi ke da alhaki, abin da za a cire kada ya wuce ainihin asarar, kuma a ba shi damar kare kansa kafin a yanke. Shekara biyu ina taɓa albashin mutane ban taɓa jin wannan ba.

Shawarar tana rakiyar Yarjejeniya mai lamba 95 ne kan kare albashi, ita ma ta 1949. Sashe na 8 na yarjejeniyar shi ne ya fi ci mini rai, domin ya ce yanke albashi bai halatta sai bisa sharaɗi da iyakar da dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ƙungiya da masu kamfani, ko hukuncin masu sasanci suka tsara, kuma dole a sanar da ma'aikaci. Bakin manaja ba ya cikin ukun nan. Sashe na 10 ya ce ko bashi ake bin mutum, a bar masa abin da zai riƙe kansa da iyalinsa. Ni ban ma tsaya tunanin mutum nawa ke jiran rabin da na ɗauke ba. Kuma abin ba sabo ba ne: tun 1831 Ingila ta yi dokar hana masu masana'antu biyan leburori da kaya maimakon kuɗi. Wanda ke riƙe da albashinka, in ba a taka masa burki ba, shi zai zama mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai karɓar tara.

Tun daga nan ban sake shigar da ko ɗigo a layin nan ba sai da takarda mai sa hannun wanda ya ba da umarni, da amsar ma'aikacin a manne. Na sha suna: mai taurin kai, ɗan ƙungiya, lauyan da bai je makaranta ba. Sau uku ana cewa in cire tarar makara, sau uku ina cewa a kawo mini inda aka rubuta ta a ƙa'idar aiki. Ba a taɓa kawowa ba. A shekara huɗun da suka biyo baya ba a sake kai ƙarar ofishina ba, ko da yake ban ji an ambaci hakan a taron sallamata ba.

Ga wanda zai gaje ni, sauran a taƙaice ne. Haraji da fansho da ka cire ba kuɗin kamfani ba ne, ka tabbata sun isa inda za su. Bashin da ma'aikaci ya ci a rubuta yadda za a riƙa cira tun ranar da ya karɓa. Wanda ya bar aiki a biya shi ragowar haƙƙinsa, kada a ce sai ya yi ta sintiri. In an ce maka "daga sama ne", ka ce sama ta rubuto.

Kuɗin Baba an ce a mayar masa, an kuma ware su. Asusun da muke biyansa ta ciki an rufe shi, lambar wayar da ke fayil ɗinsa ba ta shiga. Duk ƙarshen shekara sai na ɗauko adadin daga tsohon littafi in kai sabo. Jiya na nuna wa yaron da ya karɓe ni layin, ya tambaye ni na wane ne. Na ce ya jawo kujera.