Wa Zai Tsaya Maka a Gaban Google?

Sana'ata gina shafukan intanet ne ga masu ƙananan kasuwanci a nan Kano: mai atamfa da leshi, mai makarantar kuɗi, mai haɗa wutar sola, mai turaren wuta. Kusan kowannensu, da zarar aiki ya kammala ya ga hoton shagonsa a waya, tambaya ɗaya yake yi min: "To Malam, ya aka yi na rubuta sana'ata a Google ban ga kaina ba?" Wani har da ɗan zargi a muryarsa, kamar akwai wani maɓalli da na ƙi dannawa don bai cika min kuɗina ba.

Babu wannan maɓallin. Abubuwan da ke sa shafi ya taso sama suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da mutanenmu ba su cika sani ba, kuma a kansa aka fi damfarar su, wato mahaɗai. Abin nufi shi ne wani shafi daban, ba naka ba, ya ambaci sunanka ko kayanka, ya liƙa adireshin shafinka a jikin rubutun yadda duk wanda ya latsa zai faɗo wajenka.

Dalilin da ya sa Google ya damu da wannan yana cikin asalinsa. A 1996 wasu ɗalibai biyu a jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aikin bincike a kan yadda shafuka ke nuna junansu. Injunan bincike na wancan lokaci sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa, shi ya sa mai wayo yakan cika shafinsa da kalmar "takalmi" har ya gaji, a ɗauke shi sarkin takalma. Su kuwa suka ce a duba abin da sauran shafuka suka faɗa a kansa. Tsarin da suka fitar shi ne PageRank, kuma a kansa aka kafa kamfanin Google a 1998. Ba ƙidaya kawai tsarin yake yi ba, yana awo. Mahaɗin da ya fito daga shafin da shi kansa mutane ke yawan nunawa ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya taɓa neman kaya bashi a Kantin Kwari ya riga ya fahimci wannan. Ba mai tambayarka ko kai mai amana ne, don kowa eh zai ce. Abin da ake tambaya shi ne wa ya san ka, wa zai tsaya maka. Alhaji ɗaya da aka sani a layin ya ce "ku ba shi, yarona ne," magana ta ƙare. Amma ka kwaso mutum hamsin daga tasha, ka ba su na shayi su zo su yi ta rantsuwa a kanka, mai kaya sai dai ya ƙara tsorata da kai.

To waɗannan mutum hamsin ɗin su ake tallata wa abokan hulɗata kullum. Saƙo zai shigo ta imel ko WhatsApp, da Turanci mai ƙyalli, wai za a samar maka mahaɗai dubu biyar cikin mako guda, ka hau shafin farko. A kasuwannin intanet irin su Fiverr ma ana sayar da su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In ka bi sawun inda suke zubawa za ka tarar da shafukan da ba mai karantawa, an gina su ne don sayar da mahaɗi kawai. Yau rubutu kan caca, gobe kan maganin ƙiba, jibi ga shagon yadinka na Kano a tsakiya, babu gaira babu dalili. Sannan su turo maka hoton wata lamba wai darajar shafinka ta tashi daga 5 zuwa 40. Wannan lamba da ake kira DA wani kamfani ne mai suna Moz ya ƙirƙiro ta don kimantawa. Ba ta Google ba ce, Google ba ya aiki da ita, kuma masu wannan harka sun san yadda ake kumbura ta.

Manyan kamfanoni ma sun gwada wannan hanya sun sha kashi. A farkon 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney na Amurka yake fitowa na ɗaya a binciken kayayyaki iri-iri, daga riguna zuwa shimfiɗun gado, albarkacin dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba ruwansu da sutura. Google ya yi ƙasa da su na ɗan lokaci. A 2013 kamfanin furanni na Interflora a Birtaniya ya ɓace daga bincike, har da binciken sunansa, bayan an same shi da mahaɗai cikin rubuce-rubucen talla da aka biya jaridu suka buga. Tsakanin waɗannan biyun, a watan Afrilun 2012, Google ya fito da gyaran da ya kira Penguin, wanda aikinsa farautar irin wannan maguɗi ne. Daga 2016 salon ya ɗan sauya: maimakon a hukunta shafi gaba ɗaya, galibi sai a yi biris da mahaɗan banza kamar babu su. Saboda haka a yau abin da ya fi yiwuwa ga ƙaramin ɗan kasuwar da ya saya shi ne kuɗinsa su tafi a banza. Hukuncin da ma'aikatan Google ke yankewa da hannu yana nan dai, kuma wanda ya faɗa masa zai daɗe yana share-share.

Wani kuma zai ce ai shi kullum yana watsa adireshinsa a Facebook da zaurukan WhatsApp, bai isa ba? Yana da amfani, don yana kawo masu saye, kuma don su ake yin komai. Sai dai a wajen Google nauyinsa kaɗan ne. Abin da ke cikin WhatsApp ma Google ba ya ganinsa sam. Su kuwa shafukan da kowa ke iya rubuta abin da ya ga dama, yawancinsu suna sa wa mahaɗi wata alama da ake kira nofollow, wadda aka ƙirƙiro a 2005, ma'anarta "ga adireshi nan amma ban tsaya masa ba." Wikipedia ma haka take yi, don haka a daina wahalar cusa sunan shago a can. A 2019 Google ya ƙara wata alamar ta musamman don mahaɗin da aka biya kuɗi. Biyan jarida ta yi maka talla ba laifi ba ne, abin da ake so kawai a nuna cewa talla ce.

To daga ina na ƙwarai ke zuwa? Bari in ba da labarin wata Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra, 'yar asalin Maiduguri da ke aure a Kano. Kayanta ba su da na biyu, ni shaida ne, don uwargidana ba ta sayen na kowa sai nata. Da na kawo mata zancen mahaɗai sai ta ɓata rai.

"Malam, yanzu da girmana in bi mutane ina roƙon su sa sunana?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba roƙo ba ne. Ki lissafo min duk wanda kuke harka da shi a sana'ar nan, kuma wanda zai iya faɗin alherinki ko ba kya wurin."

Sai ga sunaye suna ta zubowa. Mai shirya bukukuwa da ke karɓar turarenta don rabon kamu da walima. Mai kwalliyar amare. Mai ɗaukar hoto. Wani shagon kayan lefe da ke ajiye kwalabenta a kanta. Ƙungiyar mata masu sana'a da take biyan kuɗin wata. Wata makarantar koyon sana'a da ta taɓa gayyatar ta ta koyar da 'yan mata. A nan ne muka ci karo da matsalar da littattafan Turawa kan wannan fanni ba su san da ita ba: yawancin mutanen nan ba su da shafin intanet. Kasuwancinsu kacokan a Instagram yake da lambar waya. Waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Mai shirya bukukuwa na da shafi, ta sa Hajiya cikin jerin waɗanda take aiki da su. Makarantar ma tana da shi, suka buga labarin horon da ta bayar da hotuna da adireshinta. Ba ko sisi da aka biya, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Abu na biyu da muka yi shi ya fi burge ni. Na lura rubutun Hausa mai ma'ana kan turare bai da yawa a intanet, alhali mata na neman bayanin da Hausa. Sai na zaunar da ita da na'urar naɗar murya ta yi ta bayani, ni kuma ina rubutawa: bambancin itacen sandal da hawi, aikin kajiji da farce a haɗi, yadda ake gane turaren da aka cika wa sukari, me ya sa wani ke ƙauri a kan garwashi, yadda ake adana humra kada zafi ya kashe ƙamshinta. Da farko ta ji tsoron kada ta tona sirrin sana'a. Na ce ki riƙe ma'aunin haɗinki, ki ba mutane ilimin saye kawai. Bayan wasu watanni wata 'yar jarida da ke haɗa rahoto kan tsadar kayan aure ta ci karo da rubutun, ta kira ta suka yi hira. Rahoton ya fito da sunan sana'arta amma babu adireshi. Muka aika saƙon godiya cikin ladabi, muka nemi a liƙa adireshin a jikin sunan, aka liƙa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da na sani: wanda ya riga ya ambace ka da kansa, ƙaramin abu ne ya ƙarasa.

Kowace sana'a da irin nata ƙofofin. Mai sola ya duba ko kamfanin da yake sarin batir da faifai a wajensa yana da jerin dillalansa a intanet. Wanda ke cikin cibiyar 'yan kasuwa irin KACCIMA, ko ya kama rumfa a bajekolin Kano ko na Kaduna, ya tambaya ko ana buga sunayen mambobi da mahalarta. Wanda ya ɗauki nauyin gasar ƙwallo ko musabaƙa a unguwa, in masu shiryawa na da shafi, ba abin kunya ba ne ya ce a sa shi. Abin da ba na so shi ne a mai da abin adashe, "sa nawa in sa naka," da mutanen da ba abin da ya haɗa ku. Google ya lissafa yawaita wannan cikin maguɗi. Haka kuma kada ka tsara wa kowa kalmomin da zai rubuta. In shafuka goma duk suka nuna ka da jimla iri ɗaya sak, "turaren wuta mafi arha a Kano," ko yaro ya san haɗa baki aka yi. Sunan shagonka ya wadatar.

Ba na so kuma a ɗauki mahaɗai da girman da ya wuce nasu. A 2016 wani ma'aikacin Google, Andrey Lipattsev, ya lissafa su cikin abubuwa uku mafi muhimmanci wajen taso da shafi a bincike. A 2023 wani ma'aikacin, Gary Illyes, ya ce sun daina zama cikin ukun farko. Ga mai shagon da masu sayensa 'yan gari ne, ni a ganina rajista a Google Business Profile, wadda kyauta ce, ita ce ta farko, don ita ke sa ka fito a taswira. A can ana duba dacewar sana'arka da abin da aka nema, da kusancinka da mai nema, da kuma shahararka, inda mahaɗai da sharhin masu saye ke shigowa. Ka tabbata sunan shago da adireshi da lambar waya iri ɗaya ne ko'ina. Mu da adireshinmu yakan zama "bayan gidan mai, daura da masallacin Juma'a," wannan kaɗai aiki ne: ka zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kanta. Kuma ka tuna ba da Jumia kake takara ba, da maƙwabtanka ne masu irin sana'arka, waɗanda galibinsu ba wanda ya taɓa nuna su. Mahaɗai kaɗan na gaskiya sun isa su raba ka da su.

In kana son ganin waɗanda suka nuna ka, ba sai ka biya kowa ba. Google Search Console, wato dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, kyauta ne, akwai sashen mahaɗai a ciki. Za ka ga wasu baƙin shafuka da ba ka san daga ina suka fito ba, kowa na da irinsu, ka ƙyale su. Akwai hanyar barranta daga mahaɗai da Google ya samar tun 2012, amma an yi ta ne don wanda ya san ya sayi na banza da yawa ko aka hukunta shi.

Asarar da na fi gani a garin nan ma ba ta hukunci ba ce, ta sakaci ce. Sunan shafi haya ake yi, galibi shekara-shekara, ko mai ƙarewa da .com ne ko .ng da hukumar NiRA ke kula da shi. Sau da yawa yaron da ya gina shafin shi ya yi rajista da imel ɗinsa, daga baya ya tafi hidimar ƙasa ko ya canza layi. Wa'adi ya cika ba wanda ya sani, sunan ya faɗi, wani ya saye. Duk mahaɗan da aka tara, na jarida da na makaranta da na ƙungiya, sai su koma nuna wani wuri daban ko su mutu. Saboda haka rajistar ta kasance da sunanka da imel ɗinka, ka rubuta ranar sabuntawa inda za ka gani, in da hali ka biya na shekara biyu ko uku a tare. In kuma dole ta sa ka sauya suna, kada ka saki tsohon. Ka sa mai gina maka shafi ya yi turawar dindindin, wadda masu aikin ke kira 301, daga kowane tsohon adireshi zuwa sabonsa, sannan ka ci gaba da biyan hayar tsohon sunan.