Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Motar Kat Kafin A Biya Kuɗi

A kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh da ke kudancin Jidda, ko a wuraren tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, jefi-jefi akan ci karo da ƙaramar motar tsere, wato kat, an jingine ta da bango, ƙura ta rufe ta. Mai ita zai ce maka ta 1960 da wani abu ce. Kada ka bi bakinsa, kada kuma ka bi fenti ko inji. Ana sake fenti a yini ɗaya, inji kuwa noti huɗu ke riƙe da shi. Firam shi ne abin dubawa, domin abin da aka yi wa walda ba ya sauyuwa cikin sauƙi.

Da farko ka tabbatar ta tsere ce. Yawancin waɗanda ke yawo a nan na haya ne, waɗanda wuraren wasa suka gama da su: nauyi kamar dutse, roba ta kewaye su gaba da baya, da injin Honda GX irin na janareta. Waɗannan ba su ne muke magana a kai ba.

Sai ka ɗauko sifana biyu, ta inci da ta milimita. Idan ta rabin inci ce ta zauna daram a kan noti, aikin Amurka ne, ko tsohon aikin Ingila. Idan ta milimita 13 ce, ka karkata wajen Italiya. A Kalifoniya Art Ingels ya haɗa kat ta farko a 1956, da injin West Bend na yankan ciyawa, shi ya sa mafi tsufa kusan duk na Amurka ne. Italiyawa sun biyo baya da wuri: Tony Kart ta fara a 1958, kuma motar Tecno ce ta ci gasar duniya ta farko a Roma a 1964.

Sandar ƙafafun baya ita ta fi komai faɗin gaskiya, kuma a nan ya kamata mutum ya daɗe. A na farkon nan sandar ba ta juyawa, an like ta da firam, ƙafa ɗaya kaɗai sarƙa ke ja. Daga baya aka koma sanda mai juyawa da ke jan ƙafa biyu tare. Ka auna kaurinta da ma'auni na gaske, ba da ido ba. Inci ɗaya, ko milimita 25, alamar shekarun 1960 da 1970 ce. Daga nan aka yi ta ƙara kauri, 30, 35, 40, har aka kai 50 da ake gani a na yanzu. Amma kada ka tsaya a sandar kawai, ka dubi mazaunin boris da aka yi wa walda a jikin firam. Idan an yanke shi an faɗaɗa, za ka ga waldar ta bambanta da sauran, ta yi kumburi ko ta yi tsatsa dabam. To an sa wa tsohon firam sabuwar sanda ke nan, kuma darajarsa ta ragu.

Mazaunin inji ma haka. Inji a bayan kujera tsarin farko ne, inji a gefen direba ya zo daga baya. Birki kuma ya bi nasa tsani: ƙarfe mai gogar taya kai tsaye, sai na ganga, sai faifai mai waya ko sanda, sai mai aiki da mai. Robobin gefe ba su zama ruwan dare ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, saboda haka firam mai bututun riƙe su tun daga masana'anta ba tsoho ba ne yadda ake kuranta shi. Ka'idar ita ce, abu mafi sabunta da ke jikin waldar asali shi ke yanke shekara.

Bayan an gama da firam ne ake waiwayar inji, a ga ko sun dace. McCulloch ta fito da MC-10 a 1959, daga injin zarton yankan itace. Parilla da Komet na Italiya, masu cc 100 da sanyin iska, su suka mamaye Turai. DAP ta Italiya ita ce wadda Ayrton Senna, shahararren direban tsere ɗan Brazil, ya hau lokacin da ya zo na biyu a duniya a 1979 da 1980. Rotax Max kuwa sai 1997, don haka in ka gan shi a kan firam mai sandar inci ɗaya, auren dole aka yi musu. In za ka karanta lambar injin, ka goge jikinsa da buroshin tagulla da ɗan kananzir, ba da takardar gurza ba, don lambar da aka buga ba ta da zurfi, gurza kaɗan ke share ta.

Wani kuskure da ake yawan yi yana kan ƙaramin farantin CIK, wato hukumar tseren kat ta duniya, da ake liƙawa a jikin firam. Idan ka ga lamba ta ƙare da CH/14, ba a 2014 aka ƙera motar ba, shekarar da izinin wannan samfurin ke ƙarewa ke nan.

Saura abin da ya shafe mu a bakin Bahar Maliya. Laimar Jidda da gishirinta suna cin bututu ta ciki, fenti na ƙyalli a waje. Ka ɗaga gaban motar ka girgiza. In ka ji kamar yashi na zuba a cikin bututu, tsatsa ce ta gama aiki. Ka ƙwanƙwasa ƙasan bututun da ƙaramar guduma, musamman ƙarƙashin kujera inda ruwa ke kwanciya, wurin da ya ruɓe yana ba da sauti a dushe. Kuma don Allah kada a tayar da injin da ya daɗe a ajiye nan take. Zafin nan yana busar da 'yar robar da ke cikin kafiretan Tillotson da robobin da ke toshe bakin karanshaf, iska ta shiga, mai ya yi ƙaranci, fistin ya kama cikin minti kaɗan. A cire filogi, a ɗiga man inji mai bugu biyu a silinda, a juya da hannu, a sauya robobin, sannan a nemi jin kukansa.